Tsohon da ya fi ƙofar gidansa tsayi

Aikin da darakta ya ba ni bai kai ya kawo ba: gajeren fim ɗin katun na minti 3, wani tsoho da akuyarsa a cikin birnin Kano. Nawa shi ne zanen farko, wato in fito da kamannin tsohon, da akuyar, da unguwar, sai ƙanena mai motsa zane ya ɗora daga nan.

Kwana tara na yi a kan tsohon a Krita, manhajar zane ta kwamfuta. Na sa masa babbar riga mai aska takwas, kowace aska da ɗinkinta, ga tambari a ƙirjin dama, ga hula mai tsayi, gemu kuwa sai da na ja shi sili-sili. Da na gama na tura wa ƙanena, na zauna ina jiran yabo. Sai ga shi ya zo da kalkuleta.

Ya ce, "Yaya, daƙiƙa ɗaya firem 24 ce, wato hotuna 24 da ke wucewa a jere. Ko mun bar kowane zane ya ci firem biyu, zane 12 ke nan. Tsohonka zai fito na daƙiƙa 120. Buga mu gani."

Na buga, 1,440.

"To aska takwas sau 1,440 fa?"

Ban buga wannan ba. Ya ƙara da cewa layin da aka ja da hannu ba ya faɗawa wuri ɗaya sau biyu, don haka ƙananan layukan ɗinkin za su riƙa rawa daga firem zuwa firem kamar tsohon na fama da zazzaɓi. Sannan aljihun babbar riga a hagu yake. Masu motsa zane sukan kifa hoto idan mutum ya juya wani ɓangaren don a rage aiki, kuma da an kifa wannan, aljihu ya koma dama. Ɗan Kano ba zai yi daƙiƙa biyu bai gano ba.

Daga nan ya nemi takardar juyi, wadda ake zana mutum ta gaba, ta kaikaice, ta gefe, da ta baya, a jere kan layuka ɗaya domin hula da kafaɗa da gwiwa su yi daidai. Ni ta gaba kaɗai na yi. Ya ce me ke bayan rigar? Na ce baya mana. Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa wanda ya ce ya sha maganin sati guda a dare ɗaya.

Na ce ba komai, aƙalla unguwar ta yi kyau. Kuma ta yi: zauren ƙasa da zankwaye a kusurwoyi, indararo, bakin azara na leƙowa, Dutsen Dala can nesa. Muka ɗauko tsohon muka ajiye shi a ƙofar zaure. Da kai ake auna tsayin mutum a zane, babba na gaske yakan kai kai 7 ko 7 da rabi, nawa na yi shi kai 6 har da hula. Ƙofar kuwa kai 4 da rabi. A fayil daban na zana ta, ban taɓa tsayar da mutum kusa da ita ba. Akuya dai tana shiga lafiya, mai gidan ne ba hali.

Darakta ya ce to ya sunkuya mana, ai ƙofar zaure da ma ana sunkuyawa. Ƙanena ya ce sunkuyon daƙiƙa 2 zane 24 ne, shiga da fita sau huɗu a labarin, kuma wannan ba sunkuyo ba ne, rarrafe ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne kala. Rigar ruwan ƙasa ce, bangon jar ƙasa, a idona sun bambanta sarai. Ƙanena ya cire kalar hoton ya bar baƙi da fari, gwajin da ya kamata in yi tun ranar farko. Duhun rigar da na bangon ɗaya ne cif. Tsoho ya ɓace ɓat, sai farin gemu kawai ke shawagi a iska, akuya na binsa. Dalan ma na ba shi duhu kamar yana bakin hanci, alhali abin da ke nesa dole ya kwanta ya yi fari-fari, balle ga shi labarin a lokacin hazo yake.

Ana cikin haka ya tambayi leyar turmi, wato shimfiɗar da aka zana turmin shi kaɗai a kai, wai akuya za ta wuce ta bayan turmin. Ashe daren da aka ɗauke wuta, batir na kuka, na haɗe leyoyin duka wuri ɗaya don fayil ya yi saurin ajiyewa. Turmi, bango, Dala da sama sun zama 'yan gida ɗaya. Sai da na yanko turmin na sake fentin abin da ke bayansa.

Sati biyu ya ci ni. Na fara da ƙananan siffofi ashirin cike da baƙi zalla, na zaɓi wadda ake gane tsoho ne ko ba fuska. Riga ta koma shuɗi mai duhu irin na marinar Ƙofar Mata, aska ta koma biyu, manya, ba ɗinki. Kala biyar na bar masa. Na jera tsoho, akuya, turmi da ƙofa a takarda ɗaya kan layin ƙasa ɗaya, ƙofa ta samu kai 7. Gaba, tsakiya da nesa kowanne da leyarsa.

Ƙanena ya duba ya gyaɗa kai, har ya ce in sha shayi a asusunsa. Ina cikin hura kofi sai na ga ya matso da fuska jikin allo, yatsansa na tafiya a hankali a kan cikin akuya, bakinsa na motsi.

"Yaya, dabbare-dabbaren nan goma sha bakwai na ƙirga. Ta ɗaya gefen nawa ne?"

Ban zana ɗaya gefen ba.