Zuciyar dodon ruwa a farantina

Daren Asabar ɗin da ta wuce na sake kallon Tale of Tales, karo na huɗu ke nan, amma wannan karon ban zauna hannu rabbana ba. Tun da la'asar na gasa kek na cakulan mai siffar zuciya, na dafa zoɓo ya yi kauri, na jira yara suka yi barci. Shekarata takwas a Napoli, kuma duk Bahaushen da na tambaya a garin nan ko a waya, babu wanda ya taɓa jin sunan fim ɗin. Su ma Italiyawan, da yawansu idan ka ambaci Matteo Garrone, wanda ya shirya fim ɗin, sai su ce ai mai Gomorra, fim ɗinsa na 2008 a kan 'yan dabar garin nan. Namu kuwa da Io Capitano suka san shi, na 2023, saboda labarin ya bi da samarin Sanagal biyu ta Agadas zuwa Libiya. Wannan na tsakiya, na 2015, shi ne ya faɗa rami, alhali ya shiga gasar Cannes a shekarar, ya kuma kwashe kyaututtuka 7 na David di Donatello a gida Italiya.

Abin yana damuna, domin ban taɓa ganin fim ɗin Turawa da ya yi kama da tatsuniyar kakata kamar wannan ba.

Asalinsa littafi ne na Giambattista Basile, mutumin yankin nan da ya rasu a 1632. Bayan rasuwarsa aka buga shi, tsakanin 1634 da 1636, da yaren Napoli. Tatsuniyoyi 50 ne, tsofaffin mata 10 ke bayarwa cikin kwana 5. Da na karanta haka sai da na yi murmushi, don ko a Katsina ma tatsuniya a bakin tsohuwa take. Garrone ya zaɓi uku ya kitsa su kamar kitson gashi, wannan ta shiga ƙarƙashin waccan.

Ta farko ce ta sa na kunna oben. Sarauniya ce ba ta haihuwa, Salma Hayek ta fito a matsayinta. Boka ya zo ya ce a kashe dodon ruwa, a ciro zuciyarsa, budurwa ta dafa ita kaɗai, sarauniya ta ci. Ya kuma faɗa musu ƙarara cewa rai da rai ake biyansa. Sarki ya sa kayan nutso ya shiga ruwa, ya soki dodon, shi ma dodon bai bar shi da rai ba. Sai ga ta zaune a wani farin ɗaki fat, cikin baƙaƙen kaya, gabanta zuciya ja jawur ta fi kanta girma, tana yagar ta da hannu biyu, bakinta duk jini. Mijinta ya mutu, ko hawaye ba ta tsaya yi ba. A daren ta haihu, ita ma baiwar da ta dafa, tururin tukunya kawai ta shaƙa, ta haihu. Yaran biyu farare kamar zabiya, kamarsu ɗaya sak, kuma sauran rayuwar sarauniya ta ƙare ne wajen raba su.

Wace mace a cikinmu ba ta san wannan matar ba? Ina da 'yar uwa da ta yi shekara goma sha ɗaya a ɗakin miji ba ɓatan wata. Babu rubutun da ba ta sha ba, babu jiƙon da ba ta haɗiye ba, har sassaƙen da warinsa kaɗai ke sa amai. Dangin miji na yi mata habaici, ana ce mata juya a bayan idonta. Da a ce wani ya ajiye mata zuciyar dodo a akushi ya ce ci ki haihu, wallahi da ta ci. Fim ɗin bai zagi sarauniyar ba, bai kuma wanke ta ba. Ya bar ka ka ga yadda so ke rikiɗa ya zama ƙulle.

Ta biyu ta wani sarki ce da ƙuma ta hau hannunsa lokacin da 'yarsa ke yi masa waƙa. Hankalinsa ya bar 'yar ya koma kan ƙumar. Ya ɓoye ta a ɗaki, yana ba ta jinin yatsansa, daga baya nama, har ta kai girman tunkiya. Da ta mutu ya sa aka feɗe ta, ya rataye fatar, ya ce duk wanda ya faɗi ta wace dabba ce shi zai auri gimbiya. A ransa babu mai iya sani. Sai wani dodon mutum mai zama a kogo ya sansana ya faɗa. Sarki ba ya magana biyu, aka ba shi yarinya. Mu ma muna da irin wannan uban a tatsuniya, wanda ke cewa sai wanda ya san sunan 'yata, kuma muna da shi a zahiri, a zauren da ake ɗaura wa yarinya aure tana ɗaka tana kuka saboda baba ya riga ya yi alkawari. Abin da ya burge ni shi ne babu yariman da ya zo ceto. Waɗanda suka yi ƙoƙarin taimakonta duk dodon ya hallaka su. Ita da hannunta ta yanke masa maƙogwaro, ta dawo fada da kansa a ƙunshe ta ajiye gaban ubanta.

Ta uku ba na son daɗewa a kanta, har yanzu kawar da kai nake yi. Tsofaffi biyu 'yan uwan juna, masu rini, ɗaya ta samu ƙuruciya ta hanyar tsafi ta auri sarki. Ɗayar ta matsa mata da tambaya, cikin fushi ta ce mata ai feɗe fatata aka yi. Ita kuwa ta ɗauka gaske ne, ta ba mai wasa wuƙa kayan adonta ya feɗe ta. Duk wadda ta taɓa ganin abin da man bilicin ke yi wa gwiwar yatsu da kumatun 'yan mata a gidan biki ba ta buƙatar sharhi.

Ga inda ra'ayina yake. Tatsuniyarmu tana da haƙora, mu ne muka cire mata. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa sassauta mana ba. Dodo na haɗiye yarinya, Ta-Kitse na narkewa a rana, 'yar mowa na dawowa daga Ruwan Bagaja da kutare da ƙudaje. Mukan kwanta a tabarma muna maƙale da juna, mai jin fitsari ya riƙe har asuba. Yau idan aka zuba tatsuniya a littafin firamare ko a shirin yara, sai ka ga an wanke ta tas, an liƙa mata darasi a gindi. Turawa ma haka suka yi wa tasu, Disney ta mai da ita alewa. A littafin Basile akwai tsohuwar siga ta Cinderella, kuma a can yarinyar da kanta take karya wuyan matar ubanta da murfin akwati. Garrone ya koma wa ɗanyen abin. Shi ya sa nake ganin bai samu kasuwa ba: wanda ya zo neman tatsuniyar yara ya firgita, wanda ya zo neman yaƙin takubba ya gaji da jira.

Sai in faɗi gaskiya kuma: akwai tsiraici a cikinsa, musamman a labarin tsofaffin nan biyu, inda sarkin mai neman mata ne, kuma wasu wuraren ni tsallakewa nake yi. Ba fim ɗin falo ba ne da yara ko surukai. Yana da jan ƙafa a tsakiya, sa'a biyu ne da 'yan mintuna. Amma wuraren da aka ɗauke shi na gaske ne. Castel del Monte, wani tsohon gidan sarauta mai kusurwa takwas, yana yankin Puglia a kudancin Italiya, na je shi da ƙafata, kuma da na tsaya a tsakar gidan na ɗaga kai, sai na tuna mai tafiya a kan igiya mai ci da wuta a ƙarshen fim ɗin. A nan ne nake jin kishi. Muna da Gobarau, muna da rijiyar Kusugu a Daura da labarin macijinta, muna da Dutsen Kwatarkwashi, muna da fadar Damagaram. Masu shirya finafinanmu na Kano sun iya soyayya da rikicin kishiya, amma in aka zo dodo ko aljani sai a shafa wa mutum farar hoda a sa dariyar ƙarya a bayan murya. Na san kuɗi matsala ne. Amma abin da ya fi tsorata ni a fim ɗin nan mace ce zaune a tebur tana cin abinci.

To, kek ɗin. Maƙwabciyata ce ta koya mini, wata tsohuwa da ke bene na ƙasa da namu. Sunansa torta caprese, daga tsibirin Capri da ake hangowa daga bakin ruwan Napoli. Babu fulawa a ciki ko cokali. Giram 200 na baƙin cakulan mai ɗaci, giram 200 na niƙaƙƙen almon, bota giram 150, sukari giram 150, ƙwai 4. A narka cakulan da bota a kwano bisa ruwan zafi, kada kwanon ya taɓa wuta. A kaɗa gwaiduwa da sukari har su yi haske, a zuba cakulan, a zuba almon. Farin ƙwan a buga shi daban har ya tashi ya tsaya kamar kumfar sabulu, sannan a juya shi a ciki a hankali, don shi ne yis ɗin, shi ke ɗaga kek ɗin. Oben a kan 170, minti 35 zuwa 40. Samansa zai yi ɓawo ya tsattsage, cikinsa ya zauna da danshi. Na gwada da soyayyiyar gyaɗa maimakon almon, ya yi, har ƙamshin ya fi kusa da hancina, sai dai ya fi nauyi.

Da na gaya mata dalilin da ya sa nake neman gwangwani mai siffar zuciya, ta ce in don jini ne ai suna da sanguinaccio, wani kunun cakulan mai kauri da ake ci lokacin bikin Carnevale, wanda da can da jinin alade ake haɗa shi. Yanzu mafi yawan shaguna madara da kirfa suke sawa, babu jinin. Na ce mata a'a Mama, ni jinina yana cikin kabad. Na ɗauko zoɓon da Yaya ta aiko mini. A nan karkadè suke ce masa, kamar yadda 'yan uwanmu na Sudan ke faɗa, kuma shayi kawai suka san ana yi da shi. Na dafa cikin hannu biyu a kofi biyu na ruwa da citta da kanumfari uku, na tace, na sa sukari cokali huɗu, na bar shi a wuta kaɗan-kaɗan har ya koma kashi ɗaya cikin uku, yana bin bayan cokali.

Kayan zaƙinmu na gida, alkaki da nakiya da gullisuwa da tuwon madara, zaƙi ne tsantsa, kuma ina kewarsu kullum. Lokacin da na fara sa baƙin cakulan a baki tofarwa na yi. Daga baya na gane harshenmu ya san wannan ɗacin, a goro muka ajiye shi, wanda sai ka daure ka tauna sannan zaƙin ke biyowa. Tsamin zoɓo kuma yana yanke maiƙon bota, ba ya barin kek ɗin ya gundure ka.

Na kashe fitila, na sa kek ɗin a farin faranti. Daidai lokacin da aka ajiye wa sarauniya tata zuciyar na tsaga tawa da wuƙa na tsiyaya zoɓon da ɗuminsa a cikin tsagar. Ya gangara ya taru a gefen faranti, ja mai duhu. Loma biyu na yi na ajiye cokalin, sai da ta gama tata sannan na iya ci gaba.

Da safe babbar 'yata, mai shekara bakwai, ta ga ragowar a firji ta ce, Umma wannan mene ne? Na ce zuciyar dodo ce. Ta ce wane dodo? Na zaunar da ita a kujerar kicin, na yanka mata, na ce ga ta nan ga ta nanku. Ta tsaya tana kallona da cokali a hannu. Na ce ki ce ta zo mu ji ta. Ta faɗa, da harshenta mai karkata zuwa Italiyanci, na fara mata da Ta-Kitse.