Kafin allura, a ƙirga numfashi

Jama'ar Kaduna, akwai ma'aunin da kuke auna mu da shi, mu ma'aikatan jinya, wanda ban gamsu da shi ba. A wajen yawancin mutane, nas ta gari ita ce mai sanyin hannu wajen allura, wadda ke samun jijiya a karon farko, ta rataya ƙarin ruwa ba sai an roƙe ta ba. Duk wannan yana da kyau. Amma abin da ya fi tsare rai a ɗakin marasa lafiya shi ne lura.

Likita zai yi zagayen safe ya wuce wani ɗakin. Wadda ke kwana da majinyaci, ko a asibitin Barau Dikko ne, ko Yusuf Ɗantsoho na Tudun Wada, ko Gwamna Awan na Kakuri, nas ce. In jiki zai rikice da ƙarfe 2 na dare, ita za ta fara gani.

Kuma jiki ba ya rikicewa babu sanarwa. Babba mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya. Jariri ɗan wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ko yaro ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, sai a yi zargin limoniya, balle in ƙasan ƙirjinsa yana loɓawa ciki. Sau da yawa numfashi da bugun zuciya ke fara sauri tun awon jini bai sauka ba, domin jiki yana ta ƙoƙarin riƙe kansa. Ƙirga numfashi ba ya buƙatar na'ura, ba ya jiran a kawo wuta. Agogo ne da minti ɗaya na haƙuri. Duk da haka shi muka fi yi wa sakaci: a dubi majinyaci daga nesa, a rubuta 20 a fayil, a wuce. 'Yan'uwana masu fararen kaya, mu ji tsoron Allah a kan wannan lambar. Wadda za ta karɓi aiki daga hannunki da ita za ta yi hukunci.

Dubi ɗakin haihuwa. Mai ciki ta zo da awon jini 140/90 ko fiye, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani yana dishi-dishi: jijjiga na iya biyowa baya. Akan ba ta allurar magnesium sulphate don hana jijjigar, amma maganin kansa yana iya danne numfashi in ya yi yawa. Shi ya sa kafin kowace allura ta gaba dole a ƙirga numfashinta, a gwada motsin gwiwa, a auna fitsari. Bayan haihuwa kuma, zubar jini da ya kai mililita 500 ba na wasa ba ne, kuma zani yana iya shanye shi ba a ankara ba. Sai hannu a kan mara ya ji ko mahaifa ta tsuke.

Daga nan nake roƙon masu jinya ku fahimce mu. Ƙa'idarmu ita ce hanyar iska tukuna, sai numfashi, sai zagayen jini. Idan nas ta bar Baba yana kukan ciwon ƙafa ta ruga wajen wata baiwar Allah da ta yi shiru, ba wulaƙanci ba ne. Mai iya ɗaga murya iska na shigarsa. Wanda ya yi tsit ne ke tayar mana da hankali. Amma mu ma ya wajaba mu dawo mu ce, “Baba, yi haƙuri, ga dalili.”

Wanke hannu kafin taɓa majinyaci da bayan taɓa shi, musamman a rani da zazzaɓin Lasa ke yawaita, da juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa 2 don kada gyambo ya kama shi, waɗannan ba su da ja.

Na san nas ɗaya kan riƙe ɗaki guda a aikin dare, ƙwararrunmu kuma suna ta tafiya Ingila da Saudiyya. Gwamnati ta ɗauki ma'aikata, ta biya su yadda za su zauna. Kafin nan, ku da ke gefen gado ku taimaka mana. In numfashin majinyaci ya sauya, ko ya fara sambatu, ko ya yini bai yi fitsari ba, ku kira mu nan take. In an ba shi jiƙo ko maganin kemis a gida, ku faɗa mana sunansa da lokacin da ya sha.