Zimbabuwe: Lissafin diyyar gonaki daga 1890 ya kamata ya fara

A watan Yulin 2020 gwamnatin Shugaba Emmerson Mnangagwa ta sa hannu a yarjejeniyar biyan dala biliyan 3.5 ga Turawa manoma kusan 4,000 da aka ƙwace wa gonaki tun daga shekarar 2000. An ce kuɗin na gidaje ne da madatsun ruwa da sauran abin da suka kafa, ban da ita ƙasar kanta. Ni ban ƙi a biya wanda ya gina abu da guminsa ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda ake fara ƙirga. Kowa daga 2000 yake ɗaukowa, sai ka ce kafin nan ba a taɓa korar kowa daga gonarsa ba.

Mu koma baya. A watan Oktoban 1888 wakilan Cecil Rhodes, attajirin Ingila mai kamfanin haƙar ma'adinai, ƙarƙashin Charles Rudd, suka sa Lobengula, sarkin Ndebele, ya sa hannu a wata takarda. Aka yi masa alkawarin fam 100 duk wata, da bindigogi 1,000, da harsashi 100,000, da jirgin ruwa a kogin Zambezi. Haƙar ma'adinai kaɗai takardar ta ba su, ko taku ɗaya na ƙasar noma babu a ciki. Da sarkin ya gane an yi masa sakiyar da ba ruwa, sai ya tura manyan fadawansa har Ingila wurin Sarauniya Biktoriya, ya kuma ce ya janye. Duk da haka a 1889 aka ba kamfanin Rhodes izinin sarauta.

A 1890 ayarin da Turawa ke yi wa kirari da majagaba ya kama hanya daga kudu: mutum wajen 200, da 'yan sandan kamfani kusan 500, da kekunan shanu fiye da ɗari, maharbin nan Frederick Selous yana ja musu gaba. A watan Satumba suka kafa tuta a inda birnin Harare yake yanzu, suka raɗa wa wurin suna Salisbury. Tun kafin su tashi an yi wa kowannensu alkawarin eka 3,000 da filayen haƙar zinariya 15. To shi mai alkawarin, wa ya ba shi ƙasar? Wurin nan akwai 'yan Shona da rumbunansu da shanunsu da kaburburan kakanninsu. Shi ya sa kalmar majagaba ba ta kwanta mini ba. Wanda ya sare dajin da ba kowa shi ne majagaba. Wanda ya tarar da kunya a gona ya kafa turke, sunansa daban.

Da zinariyar ta ƙi fitowa yadda aka yi buri, sai ido ya koma kan ƙasa da dabbobi. A yaƙin 1893 aka yi wa kowane ɗan sa-kai alkawarin eka 6,000 da rabon ganima, bindigar Maxim ta yi wa mayaƙan Ndebele kaca-kaca, aka kwashe shanunsu, aka ware musu Gwaai da Shangani, yashi da ƙarancin ruwa. Boren 1896 ya biyo baya, aka rataye Nehanda da Kaguvi, jagororin boren daga 'yan Shona, a 1898. Dokar rabon ƙasa ta 1930 ta zo ta buga hatimi: kusan rabin ƙasar ga Turawa wajen 50,000, baƙar fata kusan miliyan ɗaya kuma suka tashi da abin da bai kai sulusi ba.

Kada a ce tsohon zance ne. A ƙarshen shekarun 1960 aka ce wa Sarki Rekayi Tangwena da jama'arsa su tashi daga tsaunukan Nyanga, wai ƙasarsu tana cikin gandun kiwon Turawa na Gaeresi. Ya ƙi. Aka rushe bukkoki, suka sake ginawa, aka sake rushewa, aka tafi da shanu, mutane suka koma kwana a duwatsu. Yaran da suka ga wannan da idonsu, wasunsu suna raye.

Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Da yawa daga manoman 2000 saye suka yi, wasu ma bayan 'yancin kai na 1980. Rabon gonakin da tsohon Shugaba Robert Mugabe ya yi ya zo da duka da kisa, manyan jam'iyya mai mulki sun kwashi gonaki masu kyau, dubban baƙar fata ma'aikatan gona sun rasa aiki da matsuguni, noma ya durƙushe shekaru. Duk gaskiya ne. Amma zaluncin baya-bayan nan bai goge na farko ba, kuma wanda ya sayi saniyar sata a kasuwa, ko bai sani ba, mai ita na nan yana cigiya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wanda zai biya. Talakan Zimbabuwe ne, daga harajinsa da bashin da za a ɗora wa 'ya'yansa, wato jikan wanda aka kora zuwa Gwaai. Ingila kuwa, wadda kotun ƙolinta ta daular mulkin mallaka ta yanke hukunci a 1918 cewa ƙasar ta zama ta Sarkin Ingila saboda cin yaƙi, tun 1997 ta rubuto cewa ba ta ɗauki wani nauyi na musamman na sayen gonakin ba. In da gaske ake son rufe wannan littafi, a kira ta teburin, a buɗe shafi na biyu, a rubuta shanun 1893 da bukkokin Tangwena.