Ciwon Damuwa Ba Rashin Haƙuri Ba Ne

Ina takaicin yadda ake cewa mai ciwon damuwa haƙuri ne ya rasa, da ya dage da ya warware. Masu faɗin haka suna da uzuri, domin baƙin cikin da suka sani yakan gushe da kansa. Likitoci kuwa suna kiransa ciwo idan ƙunci ko rashin sha'awar komai ya kai mako 2, har ya taɓa barci da aiki. Gado daga iyaye, sauyin jiki da wahalar rayuwa suna haddasa shi, shi ya sa mai jego take iya ƙaunar jaririnta amma ta kasa tashi daga shimfiɗa. Ana warkewa ta hanyar tattaunawa da ƙwararre, ko shan magani, wanda yakan ɗauki makonni kafin amfaninsa ya bayyana.