Sanya wa cututtuka lamba a asibiti ba kwafe ba ne

Mutane da yawa sun ɗauka aikin sanya wa cututtuka lamba kwafe ne kawai: a duba littafi, a ɗauko lamba, a buga a kwamfuta. Aikin ya fi haka nauyi nesa ba kusa ba.

Ma'aikacin yakan karanta duk abin da likita ya rubuta a fayil ɗin majinyaci, sannan ya mayar da shi lambobi bisa kundin ICD na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya jera cututtuka da lambobinsu. A bugu na 10, hawan jini I10 ne, ciwon sukari nau'i na biyu kuma E11. To amma idan sukarin ya taɓa ƙoda, lambar ta koma E11.2. Wanda bai san sassan jiki da kalmomin likitanci ba zai wuce wannan bai lura ba. Shi ya sa a Amurka asibitoci da yawa ke neman shaidar cin jarrabawar CPC ko CCS, wato jarrabawar ƙwarewa a wannan aiki. Ga kuma bugu na 11 na kundin ICD da ya fara aiki a Janairun 2022, wanda sai an sake zama an koya.

Abin da na fi so a fahimta shi ne, ba hurumin ma'aikacin ba ne ya yanke irin cutar da mutum ke fama da ita. Ko sakamakon gwaji ya nuna masa abu ƙarara, in likita bai rubuta ba, dole ya koma ya tambaya. Kuskuren lamba kan sa kamfanin inshora ya ƙi biya, ya kuma gurɓata ƙididdigar da hukumomi ke tsara kiwon lafiya da ita. Sirrin majinyaci kuwa amana ce a wuyansa.

Bin kuɗi wurin inshora aiki ne daban, ko da yake a ƙananan asibitoci mutum ɗaya kan haɗa biyun.