Hanyoyin keke marasa mota a tsaunukan Alps: ba kullum ba ne

Mutane da dama suna ganin hotunan dubban masu keke a kan titin tsauni a arewacin Italiya, ko mota ɗaya babu, sai su ɗauka an ware titunan ne domin keke kawai. Ba haka ba ne. Manyan mashigai irin su Stelvio, mai tsayin mita 2,757 da lanƙwasa 48 daga ɓangaren garin Prato, titunan kowa ne, kuma da bazara motoci da babura cike suke da su. Ranaku kaɗan ne a shekara ake rufe Stelvio ga motoci, ɗaya cikinsu wajen ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Haka ma zagayen Sellaronda a tsaunukan Dolomites, wanda ya ratsa mashigai huɗu: Sella, Pordoi, Campolongo da Gardena. Na wasu sa'o'i ne a ranar da aka tsayar, da yamma motoci su dawo. Kuma rashin mota bai rage hawan ba, gumi dai sai an yi shi.

Hanyoyin da a koyaushe ba a barin mota ta bi suna ƙasa ne, cikin kwari. Misali wadda ta tashi daga garin Dobbiaco na Italiya zuwa Lienz ta ƙasar Ostiriya, ta bi gefen kogin Drava. Galibi gangare ce, har iyalai da yara suna bi su dawo a jirgin ƙasa. Ta Dobbiaco zuwa Cortina kuwa tsohon layin dogo ne, wani sashe nata tsakuwa ce, mai siririyar taya zai sha wuya.