Ragin ƙarshen shekaran nan kwashe kuɗin talaka ne kawai

Duk wanda ya ga bidiyon matan nan da ke ture juna a ƙofar shagon nan na unguwar Adum a Kumasi lokacin ragin Black Friday saboda blenda da tukunyar dafa shinkafa ya faɗa min tsakani da Allah, me aka rage musu? Wallahi raina ya ɓaci. Wata da goyo a bayanta, rana na dukan yaron, tana jira a buɗe ƙofa tun da sassafe.

Black Friday ɗin nan fa, wato ranar ragin farashin kaya, na Amurka ne, washegarin bikin godiyarsu da suke yi ranar Alhamis ta huɗu a watan Nuwamba. Mu nan Ghana an ja shi ya cinye wata guda, kafin ka farga an haɗa shi da Bronya, wato Kirsimeti, an zarce sabuwar shekara, saƙo sai shigowa yake a waya wai kaya sun kusa ƙarewa. Kuma duk wanda ya taɓa zama a kasuwar Kejetia ya san dabarar, a ɗaga farashi tun Oktoba, lokaci na yi a manna jar takarda a soke wancan kuɗin a rubuta na ƙasa, kai kuma ka koma gida kana murna. Da idona na ga fanka, kuɗin da ake sayar da ita watan Satumba shi ne dai aka rubuta a jar takardar.

Abin da ba ka yi niyyar saye ba, ko an raba kuɗinsa biyu, asara ka yi. Na san wani zai zo ya ce ai shi ya samu talabijin da araha, to Allah ya sa albarka, kai dama kana neman talabijin ne. Ina magana ne kan yayata da ta kwashe kuɗin susu, wato adashi, na shekara guda, ina magana kan samarin unguwar Aboabo da ke cin bashin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, su sayi takalmi, sannan Janairu ta zo da kayan makarantar yara ga mai gida na neman kuɗin haya na shekara a dunƙule, sai a fara bin 'yan uwa ana a taimaka. Mu da muka ga Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, bai kamata a riƙa jan mu da jar takarda ba. Ba ka buƙata, asara ce, ko nawa aka rage.

Wai ma don Allah, me ya sa ba mai yin ragi in azumi ya zo? Sukari da madara da gero duk sai su hau, ragon layya kuwa sai ka ji kuɗinsa ka nemi wurin zama. Kuma yawancin masu sayarwar namu ne 'yan zango, sahu ɗaya muke sallah da su. Alhazai, da ku nake.